Kitson da Aka Ce In Sake wa Suna

Ku 'yan matan da kuke zuwa wurina koyo, ina ganin yadda kuke kallon juna idan na ce a tsefe a sake. A ganinku kitso zama ne a inuwa, ana hira, hannu yana tafiya da kansa. To ga abin da na sani, na rubuta muku da ɗan karatun da na samu a ajin yaƙi da jahilci. Wadda ta fi iya karatu ta karanta wa sauran, a hankali.

Kan farko da aka ba ni, ba kitsawa aka ce in yi ba, tsefewa aka ce. Kan wata tsohuwa ce mai daddawa, kitson ya daɗe har ya haɗe da juna, ga man shanu ya daskare a gindin gashi. Ya Falmata, Babarbariyar da ta koya mini sana'a, ta miƙo mini kibiya ta koma gefe tana cin goronta. Na soka kibiya na fizga. Tsohuwa ta yi tsalle ta ce, "Wayyo Allah! Falmata, kitso kike koya wa yarinyar nan ko fawa?" Ya Falmata ko ɗaga murya ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Daga jela ake farawa. Ki warware ƙasa tukuna, sannan ki hau." Damina da rani na yi ina tsifa, ina wanke kai da karkashi, ina tattara gashin da ya zube in binne a bayan ɗaki, don babu macen da take so a bar gashinta yana yawo a tsakar gidan wasu. Sai da ta ga hannuna ya daina gaggawa sannan ta bar ni na yi tsaga.

Kayan aikinmu ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Kibiyar ƙarfe, wadda maƙeri zai gyara mata baki, kada ta yi tsinin da za ta karce fata, kada ta dakushe ta kasa raba gashi. Mataji na katako mai manyan haƙora. Ɗan gwangwanin mai, kujera 'yar tsugunno, da tabarmar da mai kai za ta zauna. Sauran aikin na gwiwa ne. Ba a murɗa wuyan babba da hannu. Gwiwarki za ki ɗan matsa, kai ya gane inda ake so ya juya. Kuma tsagar farko ita ce komai. In ta karkace, duk layin da ya biyo ta zai karkace, ko da yatsunki na zinariya ne.

Kan da ya fi kowane kai koya mini aiki shi ne na Hajiya Gambo. Mijinta yana cikin masu manyan motoci na garin nan, asalinsu Kanawa ne, gidansu mai ƙofar ƙarfe. Fatar kanta laushi gare ta, gashin santsi, gefen goshi ya fara ci. Kaɗan aka ja, sai ta kwana biyu da ciwon kai. Masu kitso da yawa sun shiga gidan sun fita. Ni da aka kai ni, na lura manyan layuka ne suke yi mata nauyi, sai na yi mata ƙanana siri-siri, daga goshi zuwa ƙeya, kowanne yana bin ɗan'uwansa kurkusa, babu ja babu ɗaurewa. Da na gama ta ɗauki madubi ta daɗe tana juya kai. Ta ce, "Ladi, wannan ai jerin gwano kika yi mini." Matan da suke wurin suka yi dariya. Shi ke nan suna ya zauna. Ku riƙe wannan, ita ce ta raɗa masa, ba ni ba.

A garin nan, mai kitson da gidan Hajiya Gambo ya karɓa, duk gidajen masu motoci sun karɓe ta, sannan matan direbobinsu, sannan maƙwabtansu. Da wannan na ci da 'ya'yana bayan rasuwar maigidana. Kuma ba zan ɓoye alherinta ba. Ranar sadakar bakwai ita ta aiko da buhun gero. Ita ce kuma ta yi wa Alhaji magana aka ɗauki ɗana na fari a garejinsu. Ba na kama sunansa, kun san al'ada, Baffa ake kiransa a gida. Ya koyi kanikanci har ya zama shi ake nema idan birkin tirela ya ƙi.

Abin da zan ba ku labari ya faru ne a zamanin soja, 'yan shekaru bayan an ba mu jiha. Lokacin manyan motoci suna kwana a bakin babban titi, dama da hagu, har ya zama mai son tsallakawa sai ya ratsa tsakanin tirela biyu ya leƙa, sannan ya ruga. Wata ranar kasuwa wata mata ta zo daga wajen Mamudo da 'yarta, suna ɗauke da yakuwa. Uwar ta tsallaka. Yarinyar ta fito daga tsakanin motoci daidai lokacin da wata mota take tahowa. Baffa yana kwance a ƙarƙashin wata tirela a wurin yana aiki, shi ya fara isa, shi ya ɗauko ta, ba rai. Ya dawo gida da kayan aikinsa a jikinsa, ya zauna a bakin rijiya. Na ajiye masa abinci, na dawo na ɗauke shi yadda na ajiye.

Ba ita ce ta farko ba. Sai samari suka fara haɗuwa, kanikawa da 'yan acaɓa da wasu malaman makaranta, suka ce za su taka da ƙafa daga tasha zuwa sakatariya, su roƙi a fitar da wurin kwanan motoci bayan gari. Nan fa gari ya rabu. Mu masu kitso mu muke fara jin irin wannan, don mace idan ta sunkuyar da kai ba ta ganin fuskar kowa, sai bakinta ya saki.

Na tuna wata Laraba ina yi wa aminiyar Hajiya shuku a gidan, Hajiya tana kishingiɗe tana jan carbi. Aminiyar ta ce, "Ni dai na ji tausayin yarinyar nan. In tafiya kawai za su yi, a bar su mana."

Hajiya ta ajiye carbin. "Tafiya? Ke kin taɓa ganin taron samari ya tsaya a tafiya? Da safe su ce tafiya, kafin la'asar wani ya ƙyasta ashana. Mu an taɓa ƙona mana mota a wani gari, direban da ƙyar ya fita ta taga, har yau hannunsa bai miƙe ba. Mota guda mutum nawa take ciyarwa? Direba, yaron mota, mai faci, mai tuwo a tasha. A kai su daji, ɓarayi su kwashe kaya, sai kowa ya huta ko? Garin nan in ba mota me ya rage?"

"To ai ba ƙonawa suka ce ba."

"Wa yake faɗa kafin ya yi? Su Alhaji sun je wurin hukuma sun yi magana. A hana tun abin bai tashi ba." Ta juyo wajena. "Ko ba haka ba, Ladi?"

Na ce, "Allah dai ya kiyaye, Hajiya." Mai kitso da wannan amsar take rayuwa. Ku koye ta.

Bayan kwana kaɗan ina tsakar gidana da kan wata malamar asibiti tsakanin gwiwoyina, mata uku suna jiran layi, sai ga mota mai lasifika tana bin unguwa. Mai magana yana cewa hukuma ta hana duk wani taro da jerin gwano a cikin gari, wanda ya saɓa ya kuka da kansa. Malamar ta ɗago kai har layin ya kuɓuce mini. Ta ce, "Inna Ladi, kin ji? An hana kitsonki!" Wata ta dafe ɗankwali ta ce, "Na shiga uku, ni da nake ɗauke da shi tun shekaranjiya, kada a kama ni a hanya!" Muka yi ta dariya har da hawaye. Ban sake jin dariya irin wannan a tsakar gidan ba sai bayan shekaru.

Da safen ranar da suka sa, ina dama koko, Baffa ya fito daga ɗaki. Ban kalle shi ba, tukunya nake kallo. Na ce, "An ce an hana."

"Na ji, Inna."

"To?"

"Inna, ko sanda ba za mu riƙe ba. Mun je wurin mai unguwa, mun je ofis, kullum a dawo gobe. Ni na ɗauko yarinyar nan. Ba ta da nauyi ko kaɗan."

Na ci gaba da damawa. Na san gidan da ya ba shi aiki, na san gidan da yake ba ni. Da na ga ya nufi ƙofa da silifa, na ce, "Koma ka sa takalmi mai igiya." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ya koma ya sa.

Ranar kuwa ranar kan Hajiya ce. Na wanke mata, na taje, na yi tsaga daga tsakiya, na fara da ɓangaren dama. Na gama damar ke nan, ina shafa mai a hagu, sai muka ji hayaniya daga nesa kamar ta kasuwa, sannan gudu, sannan wani yaji ya shigo da iska, yara suka fara tari. Barkonon tsohuwa aka harba. Aka rufe ƙofar gida. Can sai ga mai yi musu girki ta shigo da labarin da direba ya kawo. Wai samarin sun taho a jere, ba su kai rabin hanya ba aka tare su aka ce su watse, suka zauna a kan kwalta, aka harba hayaƙi. Da aka watse sai wasu yaran tasha suka shiga jifa, an fasa gilashin motocin Alhaji biyu. An kama mutane. Ta saci kallona ta ce, "Wai har da Baffa. Wai shi ne a gaba."

Na ji wuyan Hajiya ya sandare a gwiwata.

"Ladi, kin san da wannan?"

"Na sani, Hajiya."

"Kin sani, kika zo kika zauna kika riƙe kaina?"

Na kai kibiya ɓangaren hagu.

"Cire hannunki."

Na ce, "Hajiya, saura hagu. Bari in ƙarasa, sai in tafi. Ba a fita da kai haka."

"Na ce cire hannunki."

Na goge kibiya, na rufe gwangwanin mai, na naɗe tabarmata. Tun da na fara sana'a ban taɓa barin kai rabi ba sai ranar. An ce wata aka kira ta ƙarasa, hannunta mai ja ne, dama da hagu suka ƙi haɗuwa, Hajiya ta kwana da ciwon kai. Wannan ma a kaina aka ɗora.

Baffa ya yi kwanaki a tsare, ƙanin mahaifinsa ya tsaya masa aka sake shi. Babu wanda ya ce ya yi jifa, amma babu garejin da zai karɓe shi, don duk motocin na mutum ɗaya ne ko na abokinsa. Ya zauna wata biyu yana gyaran kekunan yara a ƙofar gida. Daga nan ya ɗaure kayan aikinsa a buhu ya tafi Maiduguri. Motoci kuwa suna nan inda suke, dama da hagu.

Shekarar da ta biyo baya ita ce muguwar shekarata. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya ce kada a zo wurina. Kawai dai ba a zo ba. Matan masu motoci suka tsefe jerin gwano a mako guda. Matan direbobi suka bi, don in mace ta je barka ko gaisuwa ɗankwalinta ya zame aka ga ƙananan layukan nan, sai a ce, "A'a, ashe ke ma kina cikinsu?" Da wasa ake faɗa, amma mijinta a gidan Alhaji yake ci. Har waɗanda suke ganin samarin sun yi daidai suka ɗauke ƙafa, don ba sa son a gan su suna shiga gidana. In mun haɗu a rijiya ko wurin niƙa, sai a gaisa da sauri, a ce, "Ina nan zuwa, Inna Ladi, kan ma ya tsufa." Ina share tsakar gida da safe, in shimfiɗa tabarma, in ajiye kujera. Inuwa ta taso daga bangon gabas ta koma na yamma, in naɗe. Man shanun da na saya ya yi ɗaci a gwangwani. Yatsu ma suna mantuwa, ku sani. Sai na riƙa kitsa zaren buhu a jikin ƙafar gado don kada su yi nauyi.

Da abin ya yi tsanani na fara fita ƙauye. Ranar kasuwa in hau motar Nangere, wata ranar in taka zuwa Danchuwa, in zauna a gidan wata da na sani, matan manoma su zo. Kansu daban ne da na matan gari, gashi mai ƙarfi, rana da ƙura sun busar da shi, sai an jiƙa an bar shi ya sha mai kafin a sa mataji. Su ba ƙanana suke so ba, manya suke so waɗanda za su kai su ƙarshen girbi. Wata ta ba ni wake, wata gero, wata kuka. Ba su san an taɓa hana wani abu a gari ba. In dawo da yamma, in buɗe gida, in tarar da shi yadda na bar shi.

A hanyar nan ta dawowa nake ta juya maganar. Hajiya ba ƙarya ta yi ba, an yi jifa, kuma gilashin nata ne. Amma jifan bayan hayaƙi ya zo, kuma ba waɗanda suka jeru ne suka yi ba. Ina ganin da an bar su sun isa, an sa 'yan sanda gefe da gefe sun raka su, wani babba ya fito bakin ƙofa ya saurare su, ko bai yi komai ba, da kowa ya koma gida ya ci tuwonsa. Ba zan rantse ba, don ban ga abin da bai faru ba. Abin da na sani na kai ne. Gashin da ya cukurkuɗe, in aka ɗaura masa ɗankwali aka ce ba a son gani, ba warwarewa yake yi ba. Ranar da aka buɗe, almakashi ake nema.

A shekarar ma wasu suka so fitowa, masu cewa a hana mata yawon sana'a gida-gida, wato irina. Su ma mota mai lasifika ta zaga ta hana su, da kalmomin nan dai ba a canza ko ɗaya ba. Ranar na yi barci mai daɗi. Amma ba su daina faɗa ba, sun koma faɗa a lungu. In na wuce da tabarmata sai in ji magana a bayana, in juya ban san wanda ya yi ba. Sai na ga gara a ce sun fito titi da rana, na ga fuskokinsu, na san ko su goma ne ko rabin gari, na san ɗan wa da wa ne, in je in gaida uwarsa.

Ana saura kwana kaɗan babbar salla Hajiya ta aiko a kira ni. Na sayi sabon man shanu, na wanke mataji, na sa zanen fita. Na tarar da ɗakin cike da mata, duk tsofaffin masu zuwa wurina, kowa ta kawar da kai tana gyara mayafi. Hajiya ta rame. Da ta zame ɗankwali na ga gefen goshin ya ƙara ci har ya kusa kunne, ga ƙuraje a bin tsaga. Hannu mai ja ya yi shekara yana aiki a wurin.

Ta ce, "Kin ga abin da suka yi mini."

Na ce, "Zai dawo, Hajiya, in an bar shi ya huta. Man kaɗe za a riƙa shafawa."

"To zauna. Abin da ya wuce ya wuce. Alhaji ma ya ce in yaron ya dawo ya ba da haƙuri, ƙofa a buɗe take. Ga mata nan duk ke suke jira, kowa kanta ya lalace." Aka ɗan yi dariya. "Abu ɗaya ne. Kitson nan a sake masa suna. Ba na son jin kalmar nan a gidana. Ki ce masa zanen Hajiya, ko siri-siri, ko duk abin da kika ga dama. Ki faɗa a nan kowa ta ji, a wuce wurin."

Ba wani abu mai wuya ta nema ba. Sunan kitso ba aya ba ne, ana sakewa kullum. Na ajiye kujera, na zauna, ta juya mini baya ta zauna a tabarma, kanta ya dawo tsakanin gwiwoyina kamar bai taɓa tashi ba. Na ɗebo mai na fara shafawa a inda ya ci. 

"Muna jin ki, Ladi. Me za ki yi mini?"

Kun san uwa ba ta kare ɗan fari a gaban mutane. Ba ta yabonsa, ba ta kama sunansa, in ana zaginsa ma sai ta taya. Shekara guda ban ce ya yi daidai ba, ban ce ya yi kuskure ba. Amma duk wadda take ɗakin ta san ba sunan kitso ake tambayata ba.

Na ce, "Wanda na bari zan ƙarasa, Hajiya."

"Me sunansa?"

"Jerin gwano. Ke kika sa masa."

Wata daga bayan ɗaki ta ce, "Ikon Allah! Yau kuma ɗan fari ake tsaya wa? Ladi, ina kunyar?" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ɗan jima a zaune, man yana naso a goshinta. Sannan ta laluba ɗankwalinta ta ɗaura, ta dafa gwiwata ta miƙe. Ta ce wa mai girkin, "A ba ta naman salla in an yanka." An kawo kuwa, shekarar da duk shekarun da suka biyo baya har ta rasu. Amma ban sake taɓa kanta ba, kuma matan ɗakin nan ba wadda ta dawo. Waɗanda kuke gani yanzu 'ya'yansu ne da jikokinsu, a hankali suka zo, ba su san komai ba.

Washegarin salla da hantsi ina zaune a tsakar gida aka yi sallama. Wata mata ce doguwa, baƙa, da ƙwarya a kai, ƙafarta duk ƙura. Hausarta irin ta mutanen ƙauyen can ce, ba ta raba mace da namiji. Ta ce, "Kai ne uwar bakanike?"

Na ce ni ce. Ta sauke ƙwaryar, busasshiyar yakuwa ce a ciki. Ta ce ita ce uwar yarinyar. Ta daɗe tana tambayar gidan, sai yanzu wani mai faci ya kwatanta mata. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa da nama. Na yi mata gaisuwar da ban samu yi ba.

Ta ce, "An ce an yi tafiya saboda yarinya nawa. An ce an hana. Ni ba wanda ya zo ya faɗa mini. Masu tafiya ba su zo ba, masu hanawa ba su zo ba. A kasuwa na ji." Ta sha ruwa. "Ɗanka ya rufe shi da riga nasa. Wannan na gani da ido. Ina yake?"

Na ce yana Maiduguri. Ta gyaɗa kai.

Na ce ta kawo kanta in yi mata na salla, ko da an makara. Ta ce a'a, tun ranar ba ta yi kitson ado ba, kuma ba yanzu ba. Sai ta tsaya tana kallona. Ɗankwalina ya zame ban lura ba. Da, matan da suke zuwa ne wata a cikinsu take yi mini idan layi ya ƙare. Shekarar nan tufka biyu kawai nake yi da kaina in cusa.

Ta ce, "Kai naka ya fi nawa lalacewa. Zauna ƙasa."

Ta hau kujerata, ni na sauka tabarma. Ba ta iya riƙe kibiya ba, da farce ta yi tsaga, kuma tun ta farko na ji ta karkace. Hannun noma ne, ja take yi kamar tana cire ciyawa, har idona ya kawo ruwa. Ban ce mata daga jela ake farawa ba. Ta yi manya guda huɗu, wani ya fi wani, ɗaya ya nufi kunne. Da ta gama ta tofa addu'a a tafinta ta shafa mini, ta juye yakuwar a faifaina, ta ɗauki ƙwaryarta don ta sami motar Mamudo.

Na kwana biyu ban iya ɗora kai a matashi ba. Ban tsefe shi ba, na bar shi har ya warware da kansa.